Ɗana, Kafin Ka Haɗa Kwalba Da Leda

Ɗana, idan ka shiga cikin masu son sauti mai kyau a gida, ba za ka daɗe ba za ka ji ana cewa amfilifaya mai kwalba, wato bawul, da lasifikar leda, wato ilektarostatik, don juna aka yi su. Da yaƙini za a faɗa maka, kamar an gama bincike. Maganar tana da tushe, kuma zan nuna maka tushen. Amma ina roƙonka kada ka fitar da kuɗinka saboda ita kaɗai. Akwai kwalbar da za ta sa ledar nan ta ba ka muryar da ba ka taɓa jin irinta daga na'ura ba, akwai wadda za ta dusashe ta, akwai ma wadda za ta ƙone ta a dare ɗaya. Dukkansu kwalabe ne, dukkansu suna haske in an kunna su, ido ba ya raba su. Lissafi ne yake raba su, kuma lissafin bai fi ƙarfinka ba.

Tushen maganar yana garin Huntingdon na Ingila, inda injiniya Peter Walker yake da kamfanin da duniya ta sani da suna Quad. A 1953 ya fitar da amfilifayar Quad II, mai manyan kwalabe biyu ƙirar KT66, ƙarfinta wat 15 kacal. A 1955 ya rubuta bayanin lasifikar leda a mujallar Wireless World, a 1957 kuma ya kai ta kasuwa. Ita ce ake kira ESL-57 a yau. An ci gaba da ƙera ta har 1985, kuma har gobe akwai masu cewa ba a yi wadda ta fi ta fitar da muryar ɗan Adam ba. Ni ma ra'ayina bai yi nisa da nasu ba. To, ka lura da abu ɗaya: mutum guda ne ya ƙera su duka biyun, a gida guda. Ya san iyakar abin da lasifikarsa za ta ɗauka, ya san amfilifayarsa ba za ta haura wannan iyakar ba. Daɗin da mutanen wancan zamani suka ji daga awo ya fito. Da tafiya ta yi nisa sai aka manta da awon, aka riƙe kwalbar.

Sai ka san yadda abin yake aiki kafin ka gane inda haɗarin yake. Lasifikar da ka saba da ita, ta rediyo da ta mota da ta masallaci, maganaɗisu ce da naɗin waya da kwanon takarda. Wuta ta bi waya, maganaɗisu ya tura, kwano ya motsa. Ta leda ba ta da maganaɗisu ko ɗaya. Ka san yadda yara suke goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda, ko yadda riga take tartsatsi da hunturu in an tuɓe ta cikin duhu? Da wannan cajin take aiki. Ana samun leda siririya wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, a ɗaure ta tamau kamar fatar ganga tsakanin farantai biyu masu huji-huji. A shafa mata sinadarin da zai riƙe caji, a ɗora mata bolt dubbai. A ESL-57, ɓangaren sauti mai kauri yana ɗaukar bolt 6,000, na siririn sauti 1,500. Idan waƙa ta iso kan farantan, ɗaya ya ja, ɗaya ya tura, sai ledar ta motsa gaba ɗayanta a lokaci guda. Ba ta da nauyin a zo a gani, don haka da an ce ta tashi ta tashi, da an ce ta tsaya ta tsaya. Babu akwatin katako a bayanta da zai ƙara nasa amon. Daga nan tsabtar muryarta take fitowa. Dabarar tsohuwa ce, abin da ya jinkirta ta shi ne rashin leda mai kyau, har sai da irin su Mylar ta kamfanin DuPont suka samu a shekarun 1950.

Matsalar tana farawa daga nan. Amfilifaya bolt ashirin ko talatin take bayarwa, farantai kuwa dubbai suke nema. Don haka a gindin kowace lasifikar leda akwai tiransifoma mai ninka wutar sau hamsin, sau ɗari, ko fiye. Sannan farantai biyu masu fuskantar juna da iska a tsakaninsu, a ilimin lantarki kafasita ke nan. Halin kafasita kuwa shi ne turjiyarta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk sa'ad da sauti ya ninka sirantaka, turjiyar sai ta ragu da rabi. Faifan ledar da yake nuna om 16 a kaɗawa 1,000 cikin daƙiƙa, in ba a yi masa wata dabara ba, zai nuna om 8 a 2,000, om 4 a 4,000, om 2 a 8,000, om 1 a 16,000. Masu ƙira suna sassauta wannan gangarar da 'yan kayan da suke sakawa, amma ba sa iya kawar da ita. ESL-57 an rubuta mata om 15, alhali a sauti mai kauri tana haura 30, a can ƙoli kuma tana sauka wajen 2. Wasu ƙirar MartinLogan, kamfanin garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, suna sauka ƙasa da om 1 a kaɗawa 20,000, kuma kamfanin da kansa yake rubuta haka a takardunsa. Saboda haka lambar nan guda ɗaya da ake mannawa a bayan lasifika kada ka ɗauke ta a matsayin labari cikakke. Ka nemi zanen turjiyarta tun daga ƙasa har sama.

Yanzu ka juyo kan amfilifaya. Ita ma tana da tata turjiyar a bakin fitarta, kuma wannan ce lambar da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Ta tiransista yawanci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ba. Ta kwalba mai turi-da-ja, wadda kwalabe biyu ko huɗu suke karɓa-karɓa, takan kai rabin om zuwa ɗaya. Ta kwalba tilo kuwa takan kai biyu ko uku. Wutar da aka fitar rabawa ake yi tsakanin turjiyar amfilifaya da ta lasifika, kowa gwargwadon girmansa. Ɗauki alƙalami mu gani. Amfilifaya mai om 2, lasifika tana om 16 a tsakiyar sauti: lasifika ta samu 16 cikin 18, kusan duka. Can sama inda ta sauka om 2: ta samu 2 cikin 4, rabi ke nan. Tazarar da ke tsakani ta kai desibel 5, kuma kunnen kowa zai ji ta. Siririn sauti ya dushe, ƙarar ƙarfe ta yi laushi, harafin sa da sha a bakin mawaƙi su shaƙe. Sake lissafin da amfilifaya mai rabin om, za ka ga tazarar ba ta kai desibel 2 ba.

Abin da yake damuna shi ne sau da yawa wannan dushewar ake sayar wa mutane da sunan ɗumin kwalba. A ranar farko tana da daɗi, musamman ga kunnen da ya gaji da ƙaramar lasifika mai tsawa. Bayan wata guda sai ka ga kana ta ƙara murya kana neman wani abu da ba ya nan. Ka biya kuɗi mai yawa don lasifikar da aka yi domin ta nuna maka komai, sannan ka ɗaura mata abin da yake ɓoye kashi guda na waƙar. Idan ka ji dushewar ka kuma zaɓe ta da saninka, wannan haƙƙinka ne, ɗaki naka, kunne naka. Abin da ba na so shi ne a yi maka ita ba ka sani ba.

Kada ka ce na ƙi kwalba. Ina son ta, kuma tana da hujjoji na gaskiya a wannan haɗi. Yawancin ƙarfin waƙa yana ƙasa da tsakiya ne, inda turjiyar leda take da yawa, a can kuwa bolt ake nema, ba a neman kwararar wuta sosai. Amfilifayar tiransista mai wat 100 a om 8, idan ta tarar da om 30, abin da za ta iya bayarwa bai wuce wat 27 ba. Kwalba kuwa tun asali 'yar bolt mai yawa ce, turjiya mai tsawo ba ta takura ta haka. Can sama inda turjiya ta faɗi, waƙar kanta ba ta ɗauke da ƙarfi mai yawa, shi ya sa om 2 ɗin nan ba ta kashe Quad II ba. Sannan idan kwalba ta kai ƙarshen ƙarfinta a hankali take lanƙwasa, ba ta yanke sauti da kaifi. Uwa uba, leda ba ta rufa wa kowa asiri. Duk ƙazantar da amfilifaya ta zuba mata sai ta fito da ita fili, kuma kwalbar da aka ƙera da kyau tana da tsabta a ƙaramar murya, inda mutum yake yin yawancin saurarensa.

Akwai jarabar da nake so ka tsallake. Za a nuna maka kwalbar 300B, wadda Western Electric ya fitar a 1938, a ce maka ita ce sarauniya. A muhallinta ta cancanci yabon. Amma ita kaɗai wat 8 take bayarwa, kuma muhallinta shi ne lasifikar ƙaho, wadda wat ɗaya yake kai ta wajen desibel 100. Ta leda tana wajen 85, wani lokaci ƙasa da haka. Tazarar desibel 15 na nufin sai ka ninka ƙarfi sau talatin kafin su yi daidai. Ga ƙarancin ƙarfi, ga turjiyar baki mai yawa, illa biyu a jiki ɗaya. Kyan wannan da kyan waccan ba sa haɗuwa su ba da kyau biyu.

Kishiyar wannan jarabar ta fi ta ɓarna. Mutum ya ji an ce leda tana son ƙarfi, sai ya ɗauko babbar amfilifaya ya jona wa tsohuwar ESL-57. Quad ya faɗa a sarari cewa kada abin da ke shiga wannan lasifika ya wuce bolt 33 a ƙololuwarsa. In ya wuce, wuta tana tsallaka iskar da ke tsakanin faranti da leda, ta yi tartsatsi, ta huda ledar siririn sauti, ta bar tabon ƙuna. Wurin da ya ƙone sau ɗaya kuwa, nan gaba da ƙaramin ƙarfi ma zai sake tartsatsi. Ga yadda za ka auna tun kafin ka jona: ka ninka wat da om, ka ninka da biyu, sannan ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Kalkuletar wayarka tana yi. Quad II, wat 15 a om 15, ta ba da bolt 21, tana cikin aminci. Dynaco ST-70 ta 1959, wat 35 a ƙafar om 16, wato wurin jona waya mai lamba 16, ta ba da 33 da ɗoriya, tana kan gaɓa. McIntosh MC275 ta 1961, wat 75 a ƙafar om 16, ta ba da 49, ta wuce gona da iri. Ka kuma ƙara wa lissafin ɗan rara, domin kwalba in ta tarar da turjiya mai tsawo tana iya haura abin da aka rubuta mata. Ana sayar da ɗan allon kariya da ake saka wa ESL-57 don ya datse wutar kafin ta yi ɓarna. In ka mallaki wannan lasifika ba ta da shi, ka sa mata kafin ka sayi komai. A ganina wat 15 zuwa 30 na turi-da-ja shi ne gidanta. Ƙanwarta ESL-63, wadda ta fito a 1981, tana karɓar fiye da haka, kuma tana da tata kariyar a ciki, wadda take haɗe bakin amfilifaya in ta ji alamar tartsatsi.

Tunda an zo kan ƙafafu, a bayan yawancin amfilifayoyin kwalba za ka ga wurin jona waya uku: 4, 8, 16. Kada ka bi lambar da aka rubuta a lasifika ido rufe. Saukowa daga ƙafar 8 zuwa ta 4 yana rage turjiyar bakin amfilifaya da rabi, siririn sauti ya dawo, kwalabe su samu sauƙi, sai dai bolt ya ragu da kimanin desibel 3. Ga lasifikar da take faɗuwa ƙasa da om 2, daga ƙafar 4 nake so ka fara. Ga ESL-57 kuma, saukowa ƙafa hanya ce ta rage haɗarin ƙuna. Gwajin kyauta ne. Amma ka kashe amfilifayar kafin ka cire waya. Amfilifaya mai kwalba ba a barin ta a kunne babu lasifika a bakinta, domin wutar da ta rasa mafita tana iya huda rufin wayoyin tiransifomarta, ita ce kuwa mafi tsada a jikinta.

Saura wata illa da ba a jin ta sai ta yi aiki. Yawancin amfilifayoyi suna ɗebo kaɗan daga abin da suka fitar su mayar da shi mashiga don su gyara kuskurensu. Gyaran yana amfani ne in ya iso a kan lokaci. Tiransifomar amfilifaya tana jinkirta shi kaɗan, kafasitar lasifika ta ƙara nata jinkirin, in abin ya taru sai gyara ya koma ƙari. Amfilifaya ta shiga yin kuka ita kaɗai a can saman da kunne ba ya kaiwa. Kai dai za ka ga zafi ya yi yawa, murya ta yi kaushi, ko lasifika tana ɗan ƙaras-ƙaras babu dalili. Wannan ya fi samun tsofaffin ƙira da waɗanda aka naɗa musu tiransifoma mai araha. Mai gyaran da yake da osiloskof zai iya gwada maka ita da kafasita mai maikurofarad 2 a bakinta, ya ga ko tana natsuwa. Ka biya shi ladan wannan aiki da farin ciki. In kuma wata rana ka ga farantin ƙarfen da ke cikin kwalba ya yi ja, ban da ɗan hasken zaren tsakiya da aka saba gani, ka kashe nan take.

Za ka ji labarin amfilifayoyin kwalba marasa tiransifomar baki, irin waɗanda Julius Futterman ya fara a Amurka a shekarun 1950, kuma Atma-Sphere na jihar Minnesota yake yi a yau. Suna son turjiya mai tsawo, shi ya sa masu manyan lasifikun leda na Sound Lab da yawa suke riƙe da su, amma gangarar sama tana cin su fiye da kowa. Akwai ma waɗanda suka ce, tunda kwalba bolt mai yawa take bayarwa, leda kuma shi take nema, me ya kawo tiransifoma biyu a tsakani, ɗaya ta sauke ɗaya ta ɗaga? Kamfanonin Acoustat da Beveridge sun yi haka a shekarun 1970, suka jona kwalba kai tsaye da farantai. Tunanin yana burge ni ƙwarai, sai dai na'ura ce mai bolt dubbai a wayoyinta, ba ta mai koyo ba ce. Inda wannan dabara ta zauna lafiya shi ne a na'urar sawa a kunne ta kamfanin Stax na Japan, wanda ya fara ta tun 1960. Wanda yake son ya ɗanɗana kwalba da leda ba tare da ya sayar da fili ba, ta nan ya kamata ya shiga. Hanya ta biyu mai sauƙi ita ce lasifika mai ruwa biyu, leda a sama, kwano a ƙasa da amfilifayarsa a ciki, kamar yadda MartinLogan yake yi a wasu ƙirarsa. An ɗauke wa kwalba nauyin sauti mai kauri, amma gangarar sama tana nan, lissafin ɗazu bai faɗi ba.

Ɗaki ma yana da hannu. Leda gaba da baya take fitar da sauti, daidai wa daida. In ka manna ta da bango, na baya ya dawo ya dagula na gaba. Ka ba ta kamar mita ɗaya daga bangon baya, ka karkato ta wajen kujerarka, domin siririn sautinta a miƙe yake tafiya, wanda ya kauce gefe ba ya samu. Ba lasifikar biki ba ce, kuma ba za ta girgiza maka ƙirji ba. In abin da ranka yake so ke nan, babu laifi, ka sayi mai kwano babba ka huta.

Duk wannan an rubuta shi a ƙasashen da aka ƙera kayan. Abin da ba su rubuta maka ba shi ne na ƙasarmu. Leda mai caji tana jan ƙura, hunturu kuwa ka san abin da yake shigowa da shi ko da taga a rufe. Ƙurar ta kwanta a kan leda, damina ta zo da laima, ƙura ta jiƙe ta zama hanyar da caji yake zurarewa. Sai lasifika ɗaya ta fi ɗaya murya, ko ka riƙa jin tsiii cikin dare. Ka ɗinka musu riga, ka rufe su duk lokacin da ba ka saurare, ka cire su daga wuta in za ka yi tafiya. Masu buɗaɗɗen faranti ana iya zuƙe musu ƙura da na'urar shara, bayan sun kwana a cire cajin ya sauka. Na Quad kuwa suna da wata ledar kariya siririya a ciki, ƙarfin zuƙa yana iya yaga ta. In tsohuwar ESL-63 za ka saya, ka sani gam ɗin da ke riƙe farantanta yakan saki da tsufa, zafi da laima kuma suna gaggauta shi.

Sai wutar lantarki. Tamu bolt 220 zuwa 230 ce, mai kaɗawa 50. Ta Amurka 120 ce mai kaɗawa 60, ta Japan 100. Kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa, ka karanta bayansu kafin ka kusanci soket. Ko ka sa na'urar sauke wuta, tiransifomar da aka naɗa don 60 takan fi zafi a 50. Zaren da ke ɗumama yawancin kwalaben nan bolt 6.3 yake so, in wutar gida ta hau shi ma ya hau, ran kwalba ya gajarta. Don haka sitabilaiza mai kyau tana cikin kuɗin amfilifaya, ba ƙari ba ce. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka, da inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi, ka nisanta su da ita. In an ɗauke wuta, ka tashi ka kashe ta, kada a dawo da ita bagatatan a kan kwalabe masu zafi. Amfilifaya mai KT88 huɗu tana iya cin kusan wat 200 ko ba ta cewa komai, kuma duk zafi yake komawa. A watan Afrilu za ka san da ita a ɗaki. Ka ba ta sarari a sama da gefe, kada ka kulle ta a kabad.

Wannan kuma ka riƙe shi fiye da duk abin da na faɗa. A cikin amfilifayar kwalba akwai bolt 400 zuwa 500, kuma kafasitocinta suna riƙe shi bayan an kashe. Yana kisa. Kada ka buɗe ta don ka ga an yi a bidiyo. Kwalba mai aiki tana ƙona fata, in da yara masu rarrafe a gidan ka sa mata kejinta ka ɗaga ta sama. Kafin ka sayi ko ɗaya daga cikin kayan nan, ka fara samun mai gyaran da ya san kwalba. Tsofaffin masu gyaran rediyo da suka yi zamani da ita suna ƙarewa, matasa kuma yawancinsu a kan waya da talabijin suka koya. In ka samu dattijon da ya iya, ka girmama shi, ka kai masa yaro ya koya.

Ka kuma san cewa ciyarwa ce ba ta ƙarewa. Manyan kwalabe awoyi 'yan dubbai suke yi su gaji, kuma biyu-biyu ko huɗu-huɗu ake canza su, waɗanda aka auna suka dace da juna, a sake saita musu wuta. Masana'antun da suka rage a duniya ƙalilan ne: akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, akwai na Sin, sai Western Electric da ya dawo da 300B a jihar Jojiya. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a 2022, kwalba ta yi wuya, farashi ya yi tsalle. Sauya ledar da ta ƙone aiki ne na ƙwararru ƙalilan, yawancinsu a ƙetare. Ka lissafa wannan duka da kuɗin jirgi da na kwastan. In zai taɓa kuɗin makarantar yara ko cefanen gida, ka dakata, lasifikar ba za ta gudu ba. Sha'awa halal ce, amma haƙƙin iyali yana gabanta.

In komai ya daidaita, lasifika za ka fara zaɓa, wadda ta dace da ɗakinka, sannan ka nemo mata amfilifaya. Ka roƙi mai kaya a gwada a gidanka, ko aƙalla a kan irin lasifikarka. Kada ka tafi da faifan da aka shirya don burge mai saye. Ka tafi da muryar da ka sani tun kana yaro, makarancin da kunnenka ya haddace numfashinsa, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko goge, abin da in an taɓa shi za ka gane. Ka bar kwalabe su yi kamar rabin awa suna ɗumi. Ka saurara a ƙaramar murya tukuna, sannan ka ɗaga zuwa inda ka saba, ka tsaya nan. In za ka kwatanta ƙafar 4 da ta 8, ko amfilifaya biyu, ka daidaita ƙarfin muryarsu da mita, domin kunne kullum wanda ya fi ƙara yake ba gaskiya. Ka kasa kunne ga ƙarshen kalmomi, ga shan numfashi, ga kaifin tsirkiya lokacin da aka taɓa ta. In bayan kwana biyu har yanzu kana jin kamar an sa labule tsakaninka da mai waƙar, ka mayar da amfilifayar, ka riƙe lasifikar, ka nemi wata mai ƙarancin turjiya a baki, ko da ta tiransista ce.